A bar mana Gizo da Malam Zurƙe, ba kowane labari ne wa'azi ba

Akwai wata tambaya da ta ishe ni a harkar rubutun Hausa, duk inda aka kawo zancen wani littafi ko fim sai ka ji wani ya gyara zama ya ce "to wane darasi yake koyarwa?" Ba ruwansa da ko labarin ya yi daɗi, ko ya hana mutum barci, ko ya sa shi dariya har ya riƙe ciki, shi dai darasi. Su ma marubutan sun gano lagon, shi ya sa ko wanda ya rubuta soyayya zalla in aka miƙa masa makirufo a gidan rediyo sai ya ce ai shi burinsa faɗakarwa da ilimantarwa, nishaɗantarwa kuwa sai can a ƙarshe ake ambatonta a kunyace kamar 'yar bora.

To ni yau wani irin labari nake so in tsaya wa, wanda wannan tambayar ta kusa kai shi kabari. Labarin yawon duniya mai aljanu da tsafi da ban dariya, wanda jarumin cikinsa ba wani mutumin kirki ba ne can can. Maƙaryaci ne, ga kwaɗayi, in an zare takobi shi ne na farko wajen neman ƙofa, amma bakinsa da ƙwaƙwalwarsa su ke fitar da shi daga ramin da shi da kansa ya haƙa ya faɗa. Irin mutumin da in ɗanka ne kullum kana cikin roƙa masa shiriya, amma in a littafi ka gamu da shi ba ka son shafin ya ƙare.

Kuma dan Allah kar wani ya ce min wannan ɗabi'ar Turawa ce aka kwaso, domin duk wanda aka yi wa tatsuniya a tsakar gida da Gizo ya fara. Ka tuna ta Gizo da hankaki mana. Ana yunwa, hankaki suna zuwa cin ɓaure a wata bishiya da ke tsakiyar kogi, Gizo ya yi ta magiya har kowanne ya ciri gashi ɗaya ya ba shi aro ya samu fiffike, suka tashi tare. Da isarsu kan bishiyar sai halin ya motsa, duk ɓauren da wani hankaka ya nufa sai Gizo ya ce ai nasa ne shi ya riga gani. Hankaki suka fusata kowa ya zare gashinsa suka tafi suka bar shi a tsakiyar ruwa. In labarin wa'azi ne ai nan ya kamata a rufe a ce kun ga sakamakon haɗama. Ina! Nan ne ma daɗin yake farawa, domin faɗawa ruwa ya yi ya tsinci kansa a gidan kada, ya fashe da kukan ƙarya wai ai shi ɗan uwansu ne da ya ɓata tun yana ƙarami, aka karɓe shi hannu bibbiyu aka ba shi masauki a ɗakin da ake ajiye ƙwai, ya kwana yana gasa ƙwan masu gida yana ci. Yara suna jin wannan suna kyakyata dariya, kuma a cikinsu babu wanda bai san abin da Gizo ya yi butulci ba ne, ba sai an tsaya an yi musu sharhi ba. Ga ta giwa da dorina, inda ya ci bashin kowannensu ya kuma yi wa kowanne alkawarin doki, ranar biya ya miƙa wa giwa bakin igiya a tudu ya miƙa wa dorina ɗaya bakin a ruwa, ƙattai biyu suka wuni suna jan juna kowa na zaton doki ne mai taurin kai. Ga ta budurwar danƙo a gonar gyaɗa inda shi ne ya sha kunya, hannu ya manne ƙafa ta manne har gari ya waye mai gona ya zo ya same shi. Kakanninmu mata da ba su taɓa zama a aji ba su suka riƙe waɗannan labaran, su ne kuma dai masu tarbiyyar da muke ta yabo muna cewa ta da ta fi ta yanzu. Da Gizo yana lalata yara ai da su suka fara hana shi shiga gida.

Da aka zo rubutun boko ma da ɗan duniya aka buɗe fage. A 1933 ne Rupert East na Hukumar Fassara a Zariya ya sa gasar ƙaga labari da Hausa, daga cikinta aka samu littattafai biyar da har gobe ake karantawa a makarantu. A ciki akwai Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, labarin bawan Allah mai haƙuri da tawakkali a zamanin cinikin bayi, akwai Ganɗoki na Bello Kagara, sadauki mai yaƙi da Nasara har ya dangana da ƙasar aljanu, sannan akwai Ruwan Bagaja na ƙanensa Abubakar Imam, wanda a lokacin matashi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai yana koyarwa a Midil ta Katsina. Dukkansu littattafai ne masu daraja, ban raina ko ɗaya ba. Amma ka tara dattawan da suka yi firamare a Arewa ka ambaci Malam Zurƙe ɗan Muhamman na cikin Ruwan Bagaja ka ga yadda fuska za ta washe tun kafin ka rufe baki. Shaihu Umar ana girmama shi, Alhaji Imam jarumin Ruwan Bagaja da abokin tsiyarsa Zurƙe kuwa ana kewarsu, kuma ni a wajena marubuci ya fi cin riba da na biyun.

Abin da ke burge ni a Ruwan Bagaja shi ne niyyar da Alhaji ya fita da ita mai kyau ce tsaf, zai nemo ruwan da zai warkar da ɗan sarki ya kuma wanke Liman, mijin uwarsa, daga wulaƙancin da aka yi masa a fada. Amma hanyar fa? Shekara da shekaru yana gari ya gari yana shara ƙarya, yau ya zama malamin da ba shi da karatun, gobe an kama shi an ɗaure, jibi ya haɗa wa Zurƙe tarko, gata Zurƙe ya rama har da riba. Babu waliyyi a cikinsu. Kuma marubucin bai tsaya a kowane babi yana neman afuwar mai karatu ba, ya sake su ne kawai suka yi ta tsiyarsu, ya yarda mai karatu yana da hankalin da zai bambance.

Wanda kuma zai kawo min hujjar addini, to mu je zaure. Cikin littattafan da manyan malamanmu ke karantarwa a fannin lugga a Kano da Zariya da Sakkwato da Katsina akwai Muƙamar Hariri, ta malamin Basra ɗin nan da ya rasu a 1122, maƙama hamsin cif. Wane ne jarumin ciki? Abu Zaidi as-Saruji, tsohon ɗan damfara mai zaƙin baki wanda ke yawo gari gari yana sauya kama. A maƙamar farko ma, ta birnin San'a, mai ba da labarin ya tarar da shi ne yana wa'azi mai ratsa jiki, jama'a na kuka suna zuba masa kuɗi, da aka watse ya bi shi a ɓoye har wani kogo, sai ga malam zaune gaban gurasa da gasasshen ɗan akuya da tulun abin sha mai bugarwa. Haka ake tafiya da shi har maƙama ta hamsin kafin ya tuba. Hariri da kansa ya san za a yi masa ca, shi ya sa tun a gabatarwa ya kare kansa da cewa abin nasa tamkar labaran da ake ƙagawa ne a bakin dabbobi, ba wanda ya ce mai ba da su ya yi zunubi. Shekara ɗari tara kenan malamai masu rawani suna haddace ƙaryar Abu Zaidi saboda daɗin Larabcinta, ba a ji an ce ta mayar da almajirai 'yan damfara ba. Masana adabin Hausa kuma sun daɗe da nuna cewa Imam ya ɗebi wani abu daga wannan littafin wajen gina Alhaji da Zurƙe. Wato dai ɗan duniyan namu ta gida biyu ya gaji halinsa, ɗakin kaka da zauren malam.

Ba mu kaɗai ba ne kuma. Mutanen Akan na Ghana suna da Ananse, shi ma gizo ne, har bayin da aka kwasa suka tsallaka da shi Jamaika. Larabawa na da Juha, Turkawa na da Nasruddin Hoja, Sinawa na da birin nan mai sanda da ya hargitsa fadar sama. Kusan duk al'ummar da ta san sarki da talaka ta ƙirƙiri irin wannan mutumin.

To me ya sa muke son sa? Ni dai a ganina amsar ba ta da nisa, yawancinmu ba giwa ba ne ba kuma dorina ba. Talaka ya san ba zai iya kokawa da mai mulki ba, ba zai iya da mai kuɗi ba, ba zai iya da mai bindiga a shingen hanya ba, abin da ya rage masa sai baki da dabara da sanin lokacin da ake durƙusawa a ce ranka ya daɗe. Duk wanda ya taɓa zama a gidan gaba na motar haya ya ga yadda direba ke sauke gilas tun daga nesa yana washe baki yana kirari, "oga na, manya gatan wasa, ya aiki ya rana", yana ta zuba har a ɗaga masa hannu ya wuce bai ba da ko sisi ba, sannan ya ɗaga gilas ya faɗi abin da ba zan rubuta a nan ba, to ya ga Gizo ido da ido. Fasinja kuma dariya suke yi, don kowa ya san a irin wannan ƙasar yake rayuwa. Sadaukin da ke sare kawuna dubu mafarki ne, muna kallonsa daga nesa. Mai wayon nan kuwa ɗan unguwarmu ne, shi ya sa in ya yi nasara a kan ƙato sai ka ji wani sanyi a rai kamar kai aka rama wa.

Sannan su aljanun da tsafin ba ado ba ne kawai. Ƙaramin mutum mai wayo yana buƙatar duniyar da ta fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba, in ba haka ba wayon nasa zalunci zai koma. In ya damfari mai kayan miya a kasuwa ba abin dariya ba ne, ɓarawo ne kawai. Amma in ya tsaya gaban sarkin aljanu mai kai bakwai, ba shi da komai sai ƙarya da rawar jiki, ya kuma fito da ransa har da guzuri, to nan ne labari. Ƙasar da babu ita a taswira tana ba marubuci damar ya zagi azzalumin sarki da alƙali mai cin hanci da malamin tsibbu ba tare da kowa ya ce da shi ake ba, kowa kuma ya gane da wa ake.

A nan ne nake da ƙorafi a kan littattafan yaƙi da suka cika kasuwa tun shekarun 1990, waɗanda yanzu aka koma saurarensu a waya, za ka ga mai shayi ko tela ya kunna yana aiki ana ta artabu. Ina son su fa, na kashe kuɗin makaranta a kansu ba kaɗan ba. Amma jaruman ciki kusan duk uwa ɗaya uba ɗaya ne, kyakkyawa, ƙaƙƙarfa, ba ya tsoro, ba ya kwaɗayi, ba ya kuskure, kuma wallahi ba ya dariya. Tun shafin farko ka san zai ci yaƙin, abin da ya rage kawai ka ji mutum nawa zai kashe kafin littafi na huɗu. Shi kuwa ɗan duniya ba ka taɓa sanin ta inda zai ɓullo ba, an ɗaure shi an kulle ƙofa gobe da safe za a fille masa kai, kai da kake karatu kana ta lissafi ta ina, ta ina, sai ya fito ta inda ba ka zata ba kuma in ka duba ka ga ai hanyar tana nan tun farko.

Ina zargin ma wannan ne ainihin dalilin da ya sa aka daina rubuta irinsa, ba tsoron Allah ba. Wuya gare shi. Marubuci zai iya cewa jarumi ya kai sara ya zubar da dakaru dubu, bai kashe komai ba sai tawada. Amma ba zai iya cewa "sai ya yi wata dabara ya kuɓuta" ya wuce ba, dole ya zauna ya ƙirƙiro dabarar da kansa, ta kuma zama mai shiga hankali, ta ba da mamaki, ta ba da dariya. Jarumi ba zai fi marubucinsa wayo ba. Sa mutum kuka da labarin marainiya da muguwar kishiyar uwa abu ne da kusan kowa zai iya, sa shi dariya a rubuce babu murya babu fuska kuwa sai gwani. A fim mun samu wanda ya riƙe wannan gurbin, marigayi Rabilu Musa Ibro da ya rasu a 2014, yawancin rawar da ya taka ai ta Gizo ce aka sa mata hula, matsoraci mai cika baki mai kwaɗayi wanda ƙaryarsa ke karyewa a kansa. A rubuce kuwa gurbin yana nan wayam.

Yanzu bari in zo kan maganar masu suka, don suna da abin faɗa kuma ba wawaye ba ne. Za su ce a zamanin da damfara ta zama sana'a, yaro na zaune da waya yana kwashe wa bayin Allah kuɗi a asusu, ana kiran tsoho a ce daga banki ne ya turo lambar katinsa, har lambar sashe na 419 na dokar laifuka ta zama sunan da duniya ta san mu da shi, shin ya dace a zo ana yi wa mai wayo tafi? Tambaya ce mai nauyi. Amma ni ban yarda daga tatsuniya yaran nan suka koya ba, mafi yawansu ma ba a yi musu tatsuniyar ba. Sun koya ne daga abin da suke gani da rana tsaka, wanda ya wawuri dukiyar jama'a ya dawo gari aka tare shi da ganga, aka naɗa masa sarauta, aka ba shi sahun gaba a masallaci da wajen ɗaurin aure, ba wanda ya tambaye shi ina ka samo. Wannan shi ne labarin da ke lalata yara, kuma ba marubuci ne ya rubuta shi ba.

Bambancin ma a fili yake. A tatsuniya Gizo yana shan duka, yana shan kunya, Ƙoƙi tana yi masa tas, sau da yawa ƙarshensa gudu ne ya haye rufin ɗaki ya ɓuya. Alhaji ya ci wani yau, gobe Zurƙe ya ci shi. Labarin bai taɓa ce maka wannan mutumin abin koyi ba ne, cewa yake ga ɗan Adam yadda yake, yi dariya. Har mai tatsuniyar ma in ta gama sai ta ce ƙurunƙus, ba don Gizo ba da na yi ƙarya, wato ta sanar da yara da bakinta cewa duk abin nan shiri ne. Ɗan damfarar gaske ba ya sallamarka da haka. Kuma in dai amfani ake nema dole, yaron da ya taso da jin yadda Gizo ke yi wa kada kukan ƙarya ya fi saurin gane mai kukan ƙarya a waya fiye da wanda aka rena da labaran da kowa a ciki salihi ne.

Inda zan ba masu suka gaskiya shi ne ba duk abin da ke cikin tsofaffin labaran nan ne zan so a maimaita ba. Akwai wuraren da wayon ke faɗawa kan wanda bai ji ba bai gani ba, wani bawan Allah ya rasa dukiyarsa ko ma ransa don jarumi ya tsira, labarin kuma ya wuce ko waiwaye babu. Akwai kuma yawan mayar da baƙauye ko Bafillatani ko Bamaguje ko mai wata nakasa shi ne wawan da ake yi wa dariya kullum. A da ana ɗaukar wasu daga ciki a matsayin barkwancin taubasantaka, amma a halin da Arewa take ciki yau, inda ƙabila da ƙabila ke kallon juna da jan ido, marubuci mai hankali zai nemi wani wawan. Kuma ba su yi ƙaranci ba, ga mai mulkin da ya ɗauka shi kaɗai Allah ya yi wa wayo, ga attajirin da ke kirga hatsin gidansa, ga boka, ga ɗan siyasar da ke zuwa da atamfa da taliya duk bayan shekara huɗu. Matuƙar wanda ake yi wa wayon ya fi jarumin ƙarfi, to dariyar halal ce a wajena. In ya juya kan na ƙasa da shi kuma, to labarin ya nuna mana ya ji a jikinsa.

Abin da ya fi damuna dai shi ne yaran da ke tasowa yanzu suna neman irin wannan jarumin kuma suna samunsa, sai dai ba da Hausa ba. Suna samunsa a katun ɗin Japan da finafinan Amurka da na Indiya da aka yi wa fassara, ɓarawon teku mai tangaɗi, ɓarawon da ke sata a fada ya raba wa talakawa, yaro mai tsiya da aljaninsa a fitila. Ba laifinsu ba ne, ɗan shekara goma sha biyu ba zai zauna karanta rikicin uwargida da amarya ba, ba kuma zai karanta abin da tun daga bango ake yi masa nasiha ba. In muna kukan yara ba sa karanta Hausa sai mu tambayi kanmu me muka rubuta musu da zai sa su ɓoye littafi a cikin littafin lissafi suna karantawa malam na gaban allo.

Ga kayan aiki nan zube ba mai taɓawa. Duwatsun Kwatarkwashi da Dala da Kufena da aljanun da ake cewa suna kai, hanyar fatake daga Kano zuwa Gwanja neman goro, ayarin raƙuma masu zuwa Bilma ɗaukar gishiri, mahajjatan ƙafa da ke shekaru a hanyar Sudan kafin su ga Makka, 'yan bori, 'yan tauri, gardawa masu wasa da kura, 'yan kama da ke wa'azin tuwo da miya. A ɗauko wani yaron mahauci ko almajirin da ya gudu daga tsangaya, ko ma yarinya, don ban ga dalilin da zai sa kullum namiji ne ke da izinin tsiya a labari ba alhali kowa ya san 'yar tallan da ta fi samarin unguwa baki, a jefa ta cikin ayarin nan da bashin da ba za ta iya biya ba da aljani mai saurin fushi a bayanta. In marubucin ya gama aka gayyace shi rediyo aka tambaye shi wane darasi littafin ke koyarwa, ina roƙonsa ya daure ya ce babu, a saya a karanta.